Alhaji, Kada Ka Yar da Buhun Nan, Gonar Yara Ce

Ku yi dariyarku ku gama, ina jira. Cewa na yi a yi lambu a tsakar gida, a tsakiyar bazara, kuma yara ne za su yi shi. Na san abin da ke bakinku: "Anya zafin nan bai taɓa wa mutumin nan kai ba? Watan da ake kwana a waje ana fifita da murfin tukunya, rijiya ta ƙafe, mai ruwa yana wuce ka ko waiwaye babu, shi ne zai ce mu yi shuka?" Eh, shi ne. Ban musa ba, ma'aunin zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura 40 a watan Afrilu. Amma ku leƙa ƙauye ku gani ko manomi barci yake yi a bazara. Lokacin ne yake sassabe, yake kai taki, wani ma har ya yi binne tun ruwa bai sauka ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ku mutanen birni ne kuka mai da bazara watan kwanciya a ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa.

Ga shi kuma an sallamo yara hutun zango na biyu, sun cika gida maƙil. Da safe faɗa a kan waya, da rana faɗa a kan wanda ya shanye ruwan randa, da yamma autan ya zuba ƙasa a garin tuwo. Uwargida ta yi tsawa har murya ta dishe. Maigida kuwa, da yake jarumi ne, ya sulale majalisa, sai bayan isha'i a ga ƙeyarsa. In an ce a kai su wurin wasa na zamani, kuɗin shiga da na askirim da na adaidaita sahu zuwa da dawowa sun isa cefane, kuma suna dawowa gida rigima za ta ɗora daga inda ta tsaya. Abin da nake yi muku talla bai kai kuɗin katin waya ba, ga shi yakan riƙe yaro wata biyu cur.

Kada ma wani ya ce daga intanet na kwaso. A gidan gandu, bayan babbar gonar da kowa ke yi wa aiki, maigida yakan yankar wa yaro ɗan fili, gayauna, ya riƙa nomawa da yamma ko ranar da ba a fita gandu. Abin da ta bayar nasa ne, ya sayar ya sayi kaza, in kaza ta yi albarka ta zama akuya. Da yawa cikin masu yi mini dariyar nan, da gyaɗar gayauna kakanninku suka ɗinka rigar sallarsu ta farko. Muka shigo birni, muka taho da tuwo da kuka da daddawa, muka manto gayauna a tasha. Ni dai cewa na yi a koma a ɗauko ta a zuba a buhu.

"Gidan haya nake," in ji Alhaji na farko, "ciki da falo, tsakar gida shafe da siminti, mai gidan kuwa ko ƙusa ka buga sai ya kira ka a waya." Ranka ya daɗe, wa ya ce ka fasa simintin mutane? Ina buhun shinkafar da aka cinye watan jiya? A naɗe bakinsa zuwa rabi, a huhhuda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a zuba ƙasa kwano biyu, taki kwano ɗaya, a cuɗa, a yi ta haka har ya kusa cika. In ƙasar unguwarku laka ce mai danƙo, a sirka da yashi. In jigawa ce, a ƙara taki. A ɗora shi a kan bulo biyu a jikin katangar yamma, inda hantsi zai same shi, inuwa kuma ta rufe shi daga azahar. Tsagaggen bokiti, hujajjen baho, jarkar da aka yanke wa kai, duk gonaki ne. Ranar da mai gida ya ba ka notis, ka ɗora gonarka a a-kori-kura tare da katifa ka yi gaba. Wane babban manomi ne a Kura ko Bunkure zai iya haka?

Sai Malam mai lissafi, wanda tun ɗazu yake gyaran murya. "Ruwa fa? Na sha ma da ƙyar muke saye." Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, Malam, shi ya sa zan zauna a kanta. Buhu ɗaya, ko a tsananin zafi, buta guda ta ishe shi a yini, rabi da sassafe, rabi bayan la'asar. Ke nan jarka mai lita 25 za ta shayar da buhu goma, kai kuwa yaranka uku ne, buhu uku. To yanzu mu ƙirga wanda kake zubarwa. Ka fi ni sanin cewa da mudi guda Manzon Allah (SAW) yake alwala, abin da bai cika lita ɗaya ba. Kai kuwa buta kake juyewa tas, sau biyar a rana, ga uwargida, ga yara, duk ya bi rariya ya je ya zama gidan sauro a ƙofar maƙwabci. Ka sa baho a ƙasa in za ka yi alwala. Ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya su ma a tara. Wanda ba a so shi ne mai omo ko bilic, da mai maiƙo, da mai gishiri, waɗannan kashe shuka suke yi a hankali.

Sannan akwai dabarun hana rana sace ruwan. A rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko busasshen ganye. A sami gorar roba, a huda gindinta da allura wuri biyu ko uku, a binne ta a tsakiyar buhu bakinta a waje, a riƙa cika ta, ita kuma tana ɗiga wa saiwa sannu-sannu. Wannan aikin yara sun fi son sa da komai, saboda akwai huda a ciki. In kuwa har yanzu kana ganin ƙarancin ruwa hujja ce, ka tambayi mutanen ƙasar Tawa a Nijar, waɗanda ruwan saman da suke samu bai kama ƙafar na Kano ba. A cikin rani suke haƙa tassa, 'yan ramuka a faƙon da ko ciyawa ba ta fita, su jefa taki cikin hannu a kowane rami, ruwan farko ya taru a ciki, gero ya tashi. Irin wannan rami ne Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya inganta har ya mai da faƙo daji, aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Su ba su da baho ma, Malam.

Hajiya kuwa tun da ta ji an ambaci taki ta yatsine fuska. "Kashin awaki a gidana? A kan tayil ɗin da nake gogewa sau biyu a rana?" Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Takin da ya ruɓe ya bushe ba ya wari, ƙamshin ƙasa yake yi. Ɗanyen ne ke wari, kuma shi ba a son sa ma, musamman kashin kaji, ƙone saiwa yake yi sai an bar shi ya yi makonni ya huce. Kuma kada ki raina shi. An yi shekara da shekaru jakuna suna fita da taki a mangala daga cikin birnin Kano zuwa gonakin kewaye, su dawo da itace, abin da ya sa ake noma ƙasar nan kowace shekara ba hutu ba ta gaji ba, har Bature Michael Mortimore ya yi ta rubutu a kai. Ga kuma tambaya ɗaya, in ba za ki yi fushi ba: ganyen da kike aika a sayo miki, kin san ruwan da ya sha? Wasu lambunan da ke bin rafin Jakara da ruwan kwatar gari ake ba su. Na buhun ɗanki kuwa ruwan alwalar babansa ya sha. Za ki ga wani abin mamaki kuma, yaron da ake bi da bulala kafin ya ci kwaɗon zogale, in shi ya shuka, shi zai tsaya a kanki a madafi yana tambaya ko ya dahu. Ƙa'ida ɗaya ce, duk wanda ya taɓa taki sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa kwano.

"To shi ke nan, mun yarda, tumatir za mu shuka, shi ne ya fi cin kuɗi." Ai ga irinta nan. Mutum bai iya rarrafe ba yana neman sukuwa. Tumatir ba abokin bazara ba ne. In zafi ya haura 35 furensa zubewa yake yi, ka yi ta ban ruwa kana kiwon ganye. Shi ya sa yake arha lokacin sanyi, sa'ad da manoman Kadawa da Garun Malam ke ɗiba da ruwan madatsar Tiga ana lodi a Kwanar Gafan, ya kuma yi tsada daga Mayu zuwa tsakiyar damina. Ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda a 2016 ta yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Abin da ya kayar da masu hekta goma, kada ka haɗa shi da ɗan firamare. Tumatir da latas da kabeji da karas a bar su sai iskar hunturu ta kaɗa.

Na bazara su ne waɗanda suka saba da wahala irin tamu. Alayyafo shi ne na farko: cikin kwana uku zuwa biyar ya tsiro, mako uku zuwa huɗu an fara yanka, in an yanka ya sake toho. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi a barbaɗa, in ba haka ba yaro zai juye duka a wuri ɗaya. Rama da yakuwa da lalo ba su da fitina. Kuɓewa a jiƙa irinta ya kwana, a sa ƙwaya biyu ko uku a buhu, wajen wata biyu ta fara ba da 'ya'ya, daidai lokacin da ruwan sama zai karɓi aikin ban ruwa. Zogale kuwa ko sanda ka yanko ka kafa zai kama, in ya kai tsayin yaro a datse kansa don ya yi rassa, kada ya miƙe ya fi ƙarfin mai shi. Ɗan shekara huɗu a ba shi wake, ƙwayar tana da girman da yatsunsa za su riƙe, kuma kafin haƙurinsa ya ƙare ta fasa ƙasa. Gindin albasar da Hajiya ta yanke za ta zubar, a dasa shi ya ba da lawashi. Reshen na'a-na'a guda zai cika baho, Alhaji ya samu na shayi. Irin alayyafo da na rama kuwa na kuɗi kaɗan ake saye a wurin masu iri a kasuwa, ya ishi unguwa. Ga mangwaro ya cika gari, ƙwallonsa zube a kowane lungu. A ɓare shi, a dasa ƙwayar ciki a ledar ruwa da aka cika da ƙasa, cikin makonni kaɗan jajayen ganye su fito. 'Ya'ya dai sai mai shi ya gama firamare, in ka samu filin dasa shi kafin nan.

"Akuya fa?" Nan kam na sauke murya. Duk wanda ya ce maka yana da maganin akuyar maƙwabta, ka bincike shi. Tana iya cinye aikin mako uku kafin ka idar da sallama. Bayanta ga kaji masu tono, ga ƙadangare da ke tsinke tsiro yana gyaɗa maka kai. Abin yi shi ne a ɗora buhunan a kan tsohon tebur ko durom, ko a kewaye su da kara da ƙaya, ko a lulluɓe su da gidan sauro. Yagaggen da aka daina amfani da shi nake nufi, Alhaji, ba sabon da aka raba wa yara a kwana a ciki ba, na san halin wasu. Sauran kuma aikin sarauta ne. A naɗa babba Sarkin Noma, mai bi masa Sarkin Ruwa, 'yar budurwar gidan ta zama Magajiya mai riƙe da littafin lissafi, auta kuwa Sarkin Dogarai, a ba shi tsumagiya a nuna masa akuya. Ba za ka taɓa ganin ma'aikaci mai kishin aiki irinsa ba. In tsutsa ta bayyana a tsince ta da hannu, ko a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma, a barbaɗa toka a gindi. Fiya-fiya da sauran magungunan feshi kuwa, kada su kusanci ganyen da za a ci, balle hannun yaro. Wannan ba cikin wasa na faɗe shi ba.

Can a baya na hango wani ɗan boko ya harɗe ƙafa. "Ni ɗana likita zai zama, ba na biyan kuɗin makaranta don ya dawo yana cuɗa taki." Allah ya sa ya zama, Yallaɓai, mu ma mu samu na zuwa gani. Amma kimiyyar da yake haddacewa a aji, a buhun nan zai gan ta da ido. Ka sa shi ya shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado, bayan mako ya faɗa maka abin da ya sa na ɗakin ya yi fari ya zanƙale. Ka ba shi rula da tsohon littafi ya riƙa auna kuɓewarsa kowace Juma'a. Ko ku haɗa tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ruwan yana fita ta jikin tukunyar yana tafiya da zafi, cikin ya yi sanyi, kuma a busasshen zafi irin na bazara ya fi aiki. A sa alayyafo ƙulli ɗaya a ciki, ɗaya a waje, a duba bayan kwana biyu. Da wannan tukunyar Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Shi ma ɗan boko ne, bai dai harɗe ƙafa ba.

Ku kuma Zagezagi da kuke ta ƙyaƙyatawa kuna cewa Bakano ya gano yadda zai ƙi sayen kayan miya, na ji ku. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, a bayan gidanku, ruwanku yana riga namu sauka, ƙasarku ta fi tamu laima. Da wannan gatan, in aka leƙa gidan Bazazzagi aka tarar ko tushen zogale babu, ai sai a yi shiru kawai don zumunci.

Kada dai wani ya fake da ni ya gasa 'ya'yan mutane. Aikin lambu na sassafe ne da bayan la'asar. Daga hantsi ya ɗaga zuwa la'asar yaro inuwa zai zauna, ya sha ruwa da yawa, lokacin sanƙarau ne, ɗaki kuma a bar tagoginsa a buɗe. A inuwar akwai motar kara, akwai dara, akwai carafke, duk ba mai cin caji. Ranar da aka so fita, Bakano ya hau Dala da yaransa da yamma su nemo rufin gidansu, ko su tsaya a karofin Ƙofar Mata su ga yadda baba ke rina zane. Bakatsine yana da Gobarau, mutumin Daura yana da Kusugu. Wanda ma ya fi duka arha, a kai su bakin gari wurin masu lambu, a gai da dattijo a ce ya nuna musu gawo, su tambaye shi abin da ya sa yake kore shar da rani ya kuma zubar da ganye da damina.

Saura mutum ɗaya, dattijon da ya ga jiya ya ga yau, kuma shi ne na fi jin nauyi. "Yaro, mun ji irin wannan. A 1976 Obasanjo ya ce kowa ya noma bayan gidansa, a 1980 Shagari ya zo da nasa shirin, a 2024 ma uwargidan shugaban ƙasa ta sa gasar lambu a kowane gida. Kwanon masara ya sauko?" Gaskiyarka, Baba. Buhu uku ba za su ciyar da gida ba, ba za su sauko da farashi ba, ba kuma za su sauke wa masu mulki nauyin taki da tsaro da hanyar kai amfani kasuwa ba. In an yi sa'a a samu ganyen miya sau biyu a mako. Ni ba ƙasa na ce za a ciyar ba. Yaro nake so ya tashi da asuba don akwai abin da ke jiran sa, wanda in ya yi sakaci zai mutu, in ya kula zai ba shi kuɗi.

Kuɗi na ce, kuma a nan ne na san za a yi ta ta ƙare. Gayauna ba ta zama gayauna sai amfaninta na mai ita ne. Mun san tarihinku, iyaye. Ina kuɗin barka da sallar da aka ce "kawo in ajiye maka"? Ina tunkiyar da kaka ta ba yaro, aka wayi gari ta zama kuɗin haya? Yaran suna sane, shiru kawai suke yi. Saboda haka, Hajiya, ranar da aka yanki alayyafon farko, ki tambayi nawa ake sayar da ƙulli a bakin titi, ki ƙirga kuɗin ki sa a hannun Sarkin Noma a gaban ƙannensa. Ba bashi, ba ragi, ba kuma "ai ni na haife ka".